Wainar Japan da Abincin Bakin Titi: Yadda Cimar Talaka Ta Zama Abin Alfahari

    

Yau tafiya za mu yi mai nisa. Za mu leƙa ƙasar Japan, can gabashin nahiyar Asiya. Idan aka ambaci Japan, abin da ke fara zuwa a ran yawancinmu shi ne mota da babur da janareto. To yau ba masana'anta za mu shiga ba. Bakin titi za mu tsaya, inda ƙamshi ke tashi, mu ga abin da mutanen ƙasar ke ci idan sun tashi daga aiki.

Shirin namu kashi biyar ne. Da farko za mu san wata waina da ake kira okonomiyaki. Na biyu, za mu ji tarihinta. Na uku, za mu zagaya rumfunan abincin titi. Na huɗu, ladubban cin abinci a can. Na biyar kuma, abin da ya kamata Musulmi ya kula da shi. Sai ku gyara zama.

Ga kashi na farko. Mene ne okonomiyaki?

Sunan yana da tsawo, amma kalmomi biyu ne aka haɗa. Okonomi, wato abin da ranka ke so. Yaki, wato gashi ko suya. Idan ka haɗa, sai ya ba ka: gasa abin da ranka ke so. Bari in maimaita. Okonomiyaki, gasa abin da ranka ke so.

Uwargida, kin san wainar fulawa, wadda yara ke layi a kanta a ƙofar gida. To ki ɗauka ita ce, amma ta yi kauri, ta yi faɗin faranti, kuma an cika ta da kabeji. Ba ta da zaƙi irin na kek. Abinci ne na gishiri, mai riƙe ciki.

Ga yadda ake haɗa ta a birnin Osaka. Ana samun fulawa, a dama ta da wani romo da suke kira dashi. Shi dashi romo ne marar nauyi, na busasshen kifi da ganyen teku. Sai a goga wata irin doya mai yauƙi a zuba. Ita ce ke sa wainar ta yi laushi. Sai ƙwai. Sai kabeji da aka yanka ƙanana, mai yawa, har ya fi ƙullun yawa. Daga nan kowa ya faɗi abin da yake so a sa masa. Wani nama, wani jatan lande, wani cuku.

Yanzu ku biyo ni mu shiga shagon. A bakin ƙofa akwai ɗan gajeren labule. Idan ka gan shi a rataye, shago a buɗe yake. Kana ɗaga shi za ka ji ma'aikata sun ɗaga murya sun ce, irasshaimase. Ma'anarsa, lale marhabin. Sai a nuna maka tebur. A tsakiyar teburin akwai faffaɗan ƙarfe mai zafi, wuta na ci a ƙarƙashinsa. Sunansa teppan. A kansa ake suya, a kansa kuma ake ci.

A wasu shagunan mai abinci ne zai soya maka a gabanka. A wasu kuma kwano za a miƙo maka da kayan haɗi, kai ne za ka juya, ka zuba, ka soya da hannunka. Ana ba ka wani ƙaramin ƙarfe mai faɗin baki, kamar ɗan shebur. Da shi ake juya wainar, da shi ake yanka ta. Masu sana'ar suna da gargaɗi guda: kada ka danne ta. Idan ka danne, iskar cikinta ta fita, sai ta yi tauri. Ka bar ta ta nuna a hankali, sannan ka kifa ta.

Idan ta nuna, sai a shafa mata wata miya mai kauri, mai duhu, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami. A zuba mayonis, wanda muka fi sani da bama. A barbaɗa garin ganyen teku. A ƙarshe a watsa busasshen kifi da aka fere siriri, ya fi takarda rashin kauri. Zafin wainar na dukansa sai ya riƙa motsi kamar mai rai. Baƙo yakan tsorata. Babu abin tsoro, tururi ne kawai ke kaɗa shi.

Wannan ta Osaka ke nan, wadda ake cakuɗa komai wuri guda. Birnin Hiroshima kuma yana da tasa. Su ba sa cakuɗawa, jerawa suke yi hawa-hawa. Da farko a shimfiɗa ƙullu siriri. A tula kabeji a kai kamar tsauni. A ƙara tsiron wake da nama. A kifa. Kabejin ya yi ta turaruwa har ya kwanta. A gefe a soya taliya, a ɗora wainar a kanta. A fasa ƙwai a kan ƙarfen, a ɗora duka a kansa. Wanda ya saba tsayawa wurin mai shayi ya ci taliya da ƙwai, wannan haɗin ba zai zame masa baƙo ba.

A taƙaice, ta Osaka cakuɗawa, ta Hiroshima jerawa. Kowane gari na alfahari da tasa. A Tokyo, babban birnin ƙasar, akwai 'yar uwarsu mai suna monjayaki. Ita ƙullunta ruwa-ruwa ne, kuma unguwar Tsukishima ta yi suna a kanta.

Masu sauraro, mu shiga kashi na biyu, wato tarihi. Ku kasa kunne da kyau, domin nan ne zuciyar shirin.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, akwai wata 'yar waina siririya da ake sayar wa yara. Ƙullun fulawa ne, da ɗan ganyen albasa, da miya a kai. Ana kiranta issen yoshoku, wato abincin Turawa na kwabo ɗaya. Abin taɓa-ka-lashe ne. Babu wanda ya ɗauke ta a matsayin abincin gida.

Sai ranar 6 ga Agusta, 1945. A ranar ce Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a kan Hiroshima. Gari ya zama toka. Dubun-dubatar mutane suka mutu. Waɗanda suka rayu suka wayi gari cikin yunwa. Shinkafa, wadda ita ce tuwon Japanawa, ta yi ƙaranci. Abin da ya fi samuwa shi ne fulawar da ta shigo daga Amurka a matsayin agaji.

Me za a yi da 'yar fulawa kaɗan, ga bakuna da yawa? Sai aka tuna da wainar yara. Aka shimfiɗa ƙullu siriri don ya auku. Aka cika shi da kabeji, saboda kabeji na da araha, ga cika ciki. Aka soya a kan faffaɗan ƙarfe a rumfunan bakin titi. Mata da yawa da yaƙi ya raba su da mazajensu suka gyara wani ɓangare na gidajensu, suka kafa teppan, suka kama sana'a. Da ita suka ciyar da marayu. Shi ya sa har yau za ka ga shaguna da dama a Hiroshima suna ɗauke da sunayen lagwada irin na cikin gida, masu ƙarewa da chan.

Da hali ya fara gyaruwa, aka ƙara ƙwai. Aka ƙara nama. Aka ƙara taliya. Duk hawan da ka gani a wainar Hiroshima, shaida ce ta yadda garin ya riƙa farfaɗowa. Yau a tsakiyar birnin akwai wani bene da ake kira Okonomimura, wato ƙauyen okonomiyaki. Shaguna sama da 20 ne a cikinsa, duk abu ɗaya suke sayarwa, kowa da irin hannunsa. Baƙi daga ƙasashen duniya suna hawa benen don su ɗanɗana.

Ga wani abin da zai ba ku sha'awa. Kamfanin Otafuku, wanda ke Hiroshima, shi ne ya fi shahara wajen yin miyar wannan waina. Cikin abubuwan da ke ba miyar tasa zaƙi har da dabino. E, dabinon da muke buɗe baki da shi da azumi.

Ku riƙe wannan. Abincin da yunwa ta haifa, shi ne yau ya zama tutar gari. Mutanen Hiroshima ba su ji kunyar cimar wahalarsu ba. Sun riƙe ta, sun gyara ta, sun mutunta ta. Hausawa suka ce bayan wuya sai daɗi.

Idan yanzu kuka kama rediyonku, muna magana ne a kan wainar Japan da abincin bakin titi. Ga kashi na uku. Mu fita zagaye.

Mu fara da Osaka. Tun can baya ake yi wa wannan birni kirari da madafar ƙasa, saboda a wancan lokacin nan ne babbar kasuwar shinkafa take. Mutanensa suna da wata kalma, kuidaore. Ma'anarta, ka ci har aljihunka ya ƙare. Akwai unguwar Dotonbori a bakin wata mashigar ruwa. Da dare fitilu ko'ina, ga layin masu jiran abinci.

Abin da aka fi yi wa layi shi ne takoyaki. Tako wata halittar teku ce mai hannuwa takwas. Yaki kuma kun riga kun sani, gashi. Hajiya mai waina, wannan naki ne. Kaskon da ake yin takoyaki da shi kamar tandarki yake, mai gurabe-gurabe. Sai dai nasu guraben ƙanana ne. Ana zuba ƙullu, a jefa yankan tako a kowane gurbi, a riƙa juyawa da tsinke har ya dunƙule kamar ƙwallo. Bayansa ya soyu, cikinsa da laushi. Gargaɗi ɗaya: cikinsa na riƙe zafi ƙwarai. Kada ka jefa shi baki gaba ɗaya. Ka huda shi, ka bari ya sha iska.

Wani mai rumfa a Osaka, Endo Tomekichi, shi ake danganta wa ƙirƙiro takoyaki a 1935. Shagonsa, Aizuya, yana nan har gobe. Kafin nan akwai wani makamancinsa da ake sa wa naman shanu. Sunansa rajioyaki. An sa masa sunan rediyo ne, domin a lokacin rediyo sabon abu ne da kowa ke ɗoki.

Mu gangara kudu, birnin Fukuoka. Nan ne cibiyar yatai. Yatai rumfar abinci ce mai taya. Da rana ba za ka gan ta ba. Da yamma ta yi, sai mai ita ya jawo ta, ya kafa, ya jera benci, ya kunna fitila. Kafin gari ya waye ya kwashe komai, ya share wurin. Mutum takwas zuwa goma take ɗauka, kafaɗa da kafaɗa. Ma'aikacin banki ya zauna kusa da ɗalibi, hira ta ɓarke. A da irin waɗannan rumfuna sun cika biranen Japan, amma dokokin tsafta da na hanya suka rage su. Fukuoka ta zaɓi ta tsara su maimakon ta kore su. A 2013 hukumar birnin ta kafa musu doka ta musamman. Yau akwai kimanin guda 100. Cikin ƙa'idojinsu, ba a sayar da ɗanyen abinci. Komai sai ya ga wuta.

Akwai sauran abubuwa da za ka ci karo da su, musamman a lokacin bukukuwa. Akwai yakitori, wato tsiren kaza a kan gawayi. Akwai yakisoba, soyayyiyar taliya da kabeji. Akwai taiyaki, wani burodi mai siffar kifi, amma babu kifi a cikinsa, jan wake ne da aka dafa da sukari. Idan sanyi ya shigo kuma, akwai mai gasasshen dankalin Hausa. Yana yawo da 'yar mota a cikin unguwa, yana jan murya yana talla, kamar yadda masu talla ke yi a lungunanmu.

Mu je kashi na huɗu, ladubban ci. Kowane gari da al'adarsa, kuma baƙo na gari shi ne mai lura.

Na ɗaya. Idan ka zauna a shago, za a miƙo maka ɗan jiƙaƙƙen tawul. Na goge hannu ne kafin ci.

Na biyu. Kafin su fara ci sukan ce itadakimasu, wato na karɓa da godiya. Idan sun gama su ce gochisosama, wato an gode da wannan liyafa. Kai Musulmi ka yi bismillarka, ka yi hamdalarka. Amma idan za ka fita, ka ce wa mai abinci gochisosama. Za ka ga fuskarsa ta washe.

Na uku. Ba a cika ci ana tafiya ba. Idan ka sayi abu a rumfa, ka tsaya a gefenta ka cinye. A kasuwar Nishiki da ke birnin Kyoto har roƙon baƙi ake yi kada su ci suna tafiya.

Na huɗu. Kwandon shara ba shi da yawa a titunan Japan, duk da haka titunan fes suke. Sirrin shi ne, kowa na riƙe shararsa. Ko ka mayar wa mai rumfa da kwalinsa da tsinkensa, ko ka sa a jaka ka tafi da shi gida. Bari in sake faɗa. Kowa na riƙe shararsa.

Na biyar. Da tsinkaye biyu suke cin abinci. Kada ka soke su a tsaye cikin shinkafa. A al'adarsu hakan na da alaƙa da makoki. Idan ba ka iya ci da su ba, ka nemi cokali.

Na shida. Ba a ba da tukuici. Kuɗin da aka rubuta shi za ka biya. Idan ka bar canji a tebur, ana iya biyo ka da shi. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, wato yen, domin ba kowace rumfa ke karɓar kati ba.

Masu sauraro, mun iso kashi na biyar, kuma shi ne mafi muhimmanci ga ɗan'uwa Musulmi. Ɗalibi, ɗan kasuwa mai zuwa sayen motoci, ma'aikacin da aka tura kwas, ku saurara.

Okonomiyakin da aka fi saye a Japan da naman alade ake yin sa. Wannan gaskiya ce da ya kamata a sani tun kafin a zauna. A yarensu alade shi ne buta. Namansa kuma butaniku. Idan ka ga butatama a jerin abinci, alade ne da ƙwai. Ka riƙe wannan jimla: butaniku nashi. Ma'anarta, ban da naman alade. In maimaita. Butaniku nashi.

Amma cire naman kaɗai bai wadatar ba. Akwai abubuwa uku da za ka bincika. Na farko, mai. Wasu shaguna da kitsen alade suke shafa ƙarfen. Na biyu, shi kansa ƙarfen. A kansa aka soya na wanda ya riga ka. Na uku, miya da romo. Japanawa suna yawan sa giyar shinkafa a girki. Ɗaya ana kiranta sake, ɗaya kuma mirin. Wasu miyoyin kuma akwai romon nama a cikinsu. Ita ma taliyar romo ta Fukuoka, wadda ake kira tonkotsu ramen, da ƙashin alade ake dafa romonta. Tsiren kaza ma sai an tambayi yanka, an tambayi abin da aka shafa masa.

To mene ne mafita? A manyan birane irin su Tokyo da Osaka da Kyoto akwai gidajen abinci na halal. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je masallaci ka tambayi 'yan'uwa. Akwai masallacin Kobe, wanda aka buɗe a 1935, kuma Kobe ba ta da nisa da Osaka. Akwai babban masallacin Tokyo, wanda aka sake ginawa a shekarar 2000. Waɗanda ke zaune a gari su suka san inda ake ci da kwanciyar hankali. Matambayi ba ya ɓata.

Game da halittun teku irin su tako da jatan lande, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abincin teku halal ne. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa. Wanda kuma jikinsa ba ya karɓar alkama, ko ƙwai, ko jatan lande, ya faɗa tun kafin a ɗora. Waɗannan ukun suna yawan shiga irin wannan abinci.

Uwargida, ke da ba ki da niyyar tafiya, ba a bar ki a baya ba. Fulawa, ƙwai, kabeji, albasa mai lawashi, duk suna kasuwarmu. Ki dama fulawa da romon kaza ko na kifi. Ki sa kabeji ya fi ƙullun yawa. Ki zuba a kasko mai faɗi da ɗan mai, wuta kaɗan-kaɗan. Ki rufe, ki ba kowane gefe kamar minti biyar. Kada ki danne. Yaran da ba sa son ganye za su ci kabeji ba tare da gardama ba.

Jama'a, kafin mu rufe, mu tattara abin da muka ji. Okonomiyaki na nufin gasa abin da ranka ke so. Ta Osaka cakuɗawa, ta Hiroshima jerawa. Fulawa da kabeji ne suka ceci mutane a lokacin yunwa, yau kuma su ne abin alfaharin gari. Mai rumfa yana share wurinsa. Mai saye yana riƙe shararsa. Musulmi kuma yana tambaya kafin ya ci.

Kirana gare ku, masu waina da ƙosai, masu tsire da masu shayi: sana'arku ba ƙarama ba ce. Ku rufe abinci daga ƙura da ƙuda. Ku wanke hannu, ku wanke kwano da ruwa mai tsafta. Ku share wurinku kafin ku tashi. Mu kuma masu saye, kada mu yar da leda a kwata. Abincinmu na titi ya cancanci mutunci, kuma mu ne za mu fara ba shi.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.